Yadda Ake Ɗaukar Hoton Shaya a Gidan Surukai

Kai da ka sayi kyamara kake ganin ka gama da duniya, matso kusa. Yau zan koya maka ɗaukar hoton tsuntsu, kuma na ba ka tabbaci: duk wanda ya bi matakan nan sau da ƙafa, ba ƙari ba ragi, zai koma gida da hoton tsuntsu a hannu. Wasu ma har da mata suke komawa. Kada ka tambaye ni takardar shaida. Ni ne Idi mai firam na unguwar Doka a Kaduna, hotunan da na sa wa katako da gilashi sun fi gashin kanka yawa.

Darasin zai tafi ne a kan maƙwabcina Zaharaddeen, wanda muke kira Deeni, mai situdiyon hoto da ke jikin shagona. Gwanin hoton biki ne, amare har layi suke yi a kansa. Ya daɗe yana neman auren Harira, 'yar Alhaji Nuhu na Unguwar Rimi, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Yarinya ta amince, uwa ta amince, abin da ya rage kawai tsohon ya buɗe baki ya ce, "Turo manyanka." Tsoho kuwa ya ƙi cewa.

Mataki na ɗaya: Ka fara da cika baki

Ba wanda zai tashi lafiyarsa ƙalau ya ce zai bi tsuntsu da kyamara. Sai an tura shi, kuma ba abin da ke tura namiji irin bakinsa. Don haka ka nemi wurin da ya kamata ka yi shiru, ka yi magana.

Deeni ya je gaida Alhaji Nuhu, ya same shi a tsakar gida a kan kujerar roba, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Bayan gaisuwa tsohon ya tambaye shi sana'a.

"Hoto nake ɗauka, Baba."

"Hoton me?"

Nan ne ya kamata ya ce na amare da 'yan fasfo, ya ja bakinsa. Sai ya gyara zama ya ce, "Ai Baba, duk abin da Allah Ya halitta, in dai ya tsaya a gaban kyamarata, ya ɗauku."

"In ya tsaya," in ji tsohon. Ya ɗaga sandarsa ya nuna sama. "Akwai wata shaya da ke sauka a mangwaron nan kullum da safe. Tun ina aiki take zuwa, ko ita ko jikokinta, lokacin ba ni da sukunin kallonta. Yanzu na samu sukuni, ido kuma ya ce ya gaji. Kukanta nake ji, in na ɗaga kai sai in ga wani baƙin abu kawai yana motsi. Ka ɗauko min ita, babba, yadda zan kawo kusa da fuska in gan ta. Ranar da ka kawo, sai mu yi waccan maganar."

In ba ka san shaya ba, baƙar tsuntsuwa ce mai doguwar jela, baƙin nata mai sheƙi, in rana ta taɓa ta sai ka ga shuɗi da kore suna wasa a jikinta. Deeni ma bai san ta ba. Amma ya ce, "Gobe ma, Baba, in sha Allahu." Baki shi ke yanka wuya.

Mataki na biyu: Ka yi shigar mutunci

Masu ilimin littafi za su ce ka sa kaya masu duhu, kalar ganye, don kada tsuntsu ya gan ka. Rabu da su, ba su taɓa zuwa gidan surukai ba. Ka ɗauko farar shaddarka mai sitaci, wadda in ka motsa ake jin ƙararta daga bakin titi. Ka kafa hula, ka juye rabin kwalbar turare.

Haka Deeni ya yi. Shaya ta tashi tun yana bakin get, ta haye gidan maƙwabta. Amma Hajiya Laraba, mahaifiyar Harira, ta leƙo ta ce yaron nan akwai tsafta. Ka ga ba a tashi a tutar babu ba.

Mataki na uku: Ka yi sammako

Tsuntsu da safe yake fitowa, hasken safiya kuma ya fi kowane haske daɗin hoto. Wannan gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa maka shi ne, masu gadin Unguwar Rimi ma da safe idonsu ya fi buɗewa.

Bayan abin da shadda ta jawo masa, Deeni ya koma ga shawarar masu littafi. Ya aro wata koriyar rigar ruwa, ya rataya kyamara mai dogon baki, ya iso ana sallame sallar asuba. Get a rufe, kuma kunya ta hana shi ƙwanƙwasawa. Sai ya zagaya ta baya, ya taka wani bulo, ya ɗora kyamara a kan katanga yana saitin mangwaro.

Bai ankara ba ya ji an riƙe masa ƙugun wando. Maigadin gidan da ke kusa ne, wani dogo mutumin Zamfara, da gora a ɗaya hannun.

"Mi kaka biɗa nan?"

"Tsuntsu, Malam. Wallahi tsuntsu nake ɗauka."

"Tsuntsu? Bisa katangar mutane, da sahe, cikin rigar ruwa babu ko hadari? Sauko mu tai wurin masu gida."

Kafin a kai get, masu dawowa daga masallaci sun taru. Alhaji Nuhu ya fito da jallabiya da carbi, ya ƙura wa mai rigar ruwa ido har sai da ya ji muryarsa, sannan ya ce, "Ku sake shi, na san shi." Bai ce nawa ne ba, bai ce surukina ne ba. Na san shi kawai. Deeni ya ce min da gorar maigadi ce ta sauka a bayansa da ba ta kai wannan zafi ba.

Daga ranar aka ce a riƙa buɗe masa get. Ka lura da hikimar: wanda aka kama sau ɗaya, ba ya sake buƙatar gabatarwa a unguwa.

Mataki na huɗu: Ka kwaso kayan aiki duka, ka yi wa tsuntsu magana

Kada ka je da kyamara kaɗai kamar ɗan koyo. Ka cika keke mai ƙafa uku da fitilu masu laima, da wayoyi, da labulen bayan nan na situdiyo mai hoton benaye da ruwa mai tsartuwa. Deeni ya ɗaure labulen a bayan mangwaro, daga reshe zuwa igiyar shanya, don a cewarsa bangon gidan ba fenti mai kyau. Ya kafa fitila dama da hagu.

Da ikon Allah shaya ta sauka a can ƙololuwa, tana kallon wannan hidima da ido ɗaya. Nan sana'a ta motsa. Mutumin da ya shekara yana tsara amare ba ya iya ganin abin ɗauka ya yi shiru. Deeni ya ɗaga hannu ya kaɗa yatsu ya ce, "Yauwa Hajiya, ɗan kallo nan. Ɗago haɓa kaɗan. Karkato kafaɗa."

Ya danna, fitilu suka yi walƙiya. Abin da ya fito a hoton, ganyen mangwaro ne da benaye da ƙarshen jela. Daga tagar kicin aka ji dariyar Harira, har da tari.

Mataki na biyar: Ka ba da cin hanci

Ba halittar da ba ta da farashi. Ka watsa gero a gindin bishiya ka koma gefe. Deeni ya watsa mudu guda. Kajin Hajiya suka zo, tattabarun unguwa suka zo da danginsu, ƙadangaru suka zo kallo. Shaya ba ta ko leƙo ba.

A ranar ne Harira ta fito da kofin shayi ta ajiye masa daga nesa kaɗan, ta tsaya jikin ƙofa. Doguwa ce baƙa, mai fararen idanu, malamar makarantar firamare a Malali, irin matan da ba sa ɗaga murya amma maganarsu ta kwana tana yi maka yawo a kai.

"Deeni, anya ka taɓa kallon tsuntsuwar nan kuwa?"

"Haba Harira, me nake yi tun asuba?"

"Kyamara kake kallo. Ita tana can tana harkarta, kai kana nan kana shirya mata wurin tsayawa." Ta juya za ta shiga, sai ta waiwayo. "Kuma ka sani, Gwaggo ta fara kawo wa Baba zancen wani ɗan abokin mijinta. Baba bai ce komai ba tukuna. Amma shirun Baba ba ya daɗewa."

Shayin nan bai shawu ba. Deeni ya dawo shago jiki a sanyaye, ya zauna a bencina. Tsoro ne ya kama shi sosai, domin yana son yarinyar nan so na gaskiya, ko da wasa bai taɓa tunanin wata ba.

Mataki na shida: Ka zama kututture

Yanzu ka kwashe labule, ka mayar da fitilu, ka bar turare a gida. Ka sami wuri ka zauna, rana a bayanka, bishiya a gabanka. Kada ka motsa, kada ka yi tari, kada ka kori ƙuda. Mahaƙurci mawadaci.

Sai dai ka sani, saurayi a zaune ba ya komai a tsakar gidan surukai, dukiya ce da Allah Ya kawo. Hajiya Laraba ba ta bari ta lalace ba.

"Zaharaddeen, tunda zaune kake, ɗan kai mana markaɗe."

"To, Mama."

"Zaharaddeen, iskar gas ta ƙare."

"To, Mama."

Ya kai markaɗe, ya ɗauko gas, ya gyara famfo, ya kama zakaran da ya tsinke. Duk lokacin da ya dawo sai tsoho ya ce, "Yanzun nan ta tashi." A Doka kuwa amare suna zuwa suna tarar da situdiyo a kulle, ni nake ba su haƙuri.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Deeni ya zauna a gajiye, gajiyar da ta hana shi ko shirya abin da zai ce wa tsuntsuwa. Ya jingina da bango ya yi shiru, kyamara a kan gwiwa. Sai ga shaya ta sauko reshen ƙasa, kusa da shi har yana ganin ƙwayar idonta. Ta girgiza jiki, ta shiga gyaran fiffike, rana ta faɗo mata a wuya. Deeni ya ce min a lokacin ya manta da aure, ya manta da Gwaggo, kallonta kawai yake yi. Ya ɗaga kyamara a hankali, ya saita a kan idon, ya riƙe numfashi, ya danna sau ɗaya.

Ka rubuta wannan, don shi ne wurin da masu littafi suka yi gaskiya, kuma ba na son a ce ba ni da adalci.

Mataki na bakwai: Ka gyara halitta

Hoto ɗanye ba ya fita daga shagon mai mutunci. Wannan doka ce a layinmu. Amarya ta shigo baƙa, ta fita a hoto wankan tarwaɗa. Wankan tarwaɗa ta fita fara. Fara kuwa sai danginta sun duba sunan da ke ƙasa kafin su gane ta. In an gama, a gaban mai hoton ake goge na asalin, don kada ya faɗa hannun maƙiya. Deeni ba ya ma tambaya, hannunsa ya saba. Ko hoton da ya ɗauki Harira da sallar bara haka ya yi masa kafin ya aika mata a firam.

Ya buɗe shaya a kwamfuta, na leƙo ta kafaɗarsa. Na ce, "Deeni, wannan baƙin abu za ka kai gidan surukai? Tsohon da ke kukan ba ya gani sai baƙi-baƙi, ka kai masa wani baƙin? Ƙara mata haske."

Ya ce, "Idi, ni kam ta yi min kyau a haka."

"Kai za a ba hoton ko Alhaji?"

Sabo turken wawa. Ya ja haske, ya sake ja, ya goge inuwar wuya, ya lallashe gashin ƙirji har ya yi sumul. Shaya ta koma ruwan toka mai haske, fes da ita. Aka wanko ta babba, na sa mata firam mai ruwan zinariya. Har yau ina nan a kan bakana cewa shawarata daidai ce, tsuntsuwar ce ba ta dace da ita ba.

Mataki na takwas: Ka miƙa da hannu biyu

Ka tafi da rakiya. Ni na riƙe firam a cikin keke har Unguwar Rimi, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Alhaji Nuhu ya sa tabarau, ya karɓi hoton ya kawo shi dab da hanci. Ya bi shi daga baki har jela, ya sake dawowa. Can ya ce, "Kurciyar wa ce wannan?"

"Shayar ce, Baba. An ɗan gyara ta ne."

"Me ya lalace a jikinta?"

Tsohon ya jingine firam a ƙafar kujera, ya ɗaga murya ya ce, "Laraba, miƙo min hoton nan da ke bayan kabad." Hajiya ta fito da wani ƙaramin firam, aikina ne, na gane shi tun daga nesa. Hoton Harira ne na sallah, fara sol kamar ba ta taɓa shiga rana ba. Alhaji ya jera su biyu a ƙasa.

"Ranar da aka kawo wannan, na kai shi kusa da ido na ce 'yar wa ce. Aka ce Harira ce. Mai hoton da kanta ta kai shi bayan kabad ta juya fuskarsa bango, ba wanda ya sa ta. Tun ranar nake son in san abin da idonka ke gani in ka kalli 'yata." Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Na ce bari in gwada ka da tsuntsuwa, ita ba ta roƙe ka haske ba. Sai ga shi ita ma ka shafa mata bilicin. Yaro, in fara kake so, Kaduna cike take da farare. Ni baƙa na haifa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da Deeni ya shige, ni ma da na bi bayansa don in taya shi zama. Garin neman gira an kusa rasa ido. Ya zaro kyamara daga jaka, ya lalubo hoton asali. Allah Ya taimake shi bai goge ba, tunda tsuntsuwa ba ta tsaya a kansa ta ce a goge ba. Ya durƙusa ya miƙa.

Tsohon ya mayar da tabarau, ya kawo ɗan gilashin kyamarar kusa da ido. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi murmushi, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ikon Allah. Ashe har da kore a wuyanta. Shekara da shekaru tana kaina ban sani ba." Ya share gefen ido da babban yatsa. "To, nuna min na Harira, na asalin."

Deeni ya sunkuyar da kai. "Na goge shi, Baba."

"Ka ajiye na tsuntsuwa, ka goge na 'yata."

Deeni ya ƙara sunkuyar da kai. Ni kaina na shiga duba ƙusoshin firam, don mai sana'a ba ya rasa abin dubawa.

Mataki na tara: In an ce ka ɗauka, ka ɗauka kawai

Labulen ƙofar falo ya motsa, Harira ta fito. Ashe tana tsaye ta ji komai. Ba kwalliya, ba hoda, atamfar zaman gida ce a jikinta da mayafi. Ta zo ta tsaya a tsakiyar gidan inda rana take, ta dubi Deeni ido cikin ido. Ba ta yi murmushi ba.

"Na yi kuka ranar da ka aiko min hoton can," in ji ta. "Na ce ashe wata yake so, ni ya mayar da ni wurin zana ta. Ban faɗa maka ba don ina jin nauyi. Yau na daina ji." Ta gyara mayafi. "Ga ni. Ɗauka."

Deeni ya ɗaga kyamara. Na ga leɓensa ya motsa, ɗago haɓa na shirin fitowa, sai ya cije shi. Ya tsaya yana kallonta ta cikin kyamara, ya daɗe, har idonsa ya kawo ruwa. Ya danna.

"In hannunka ya yi ƙaiƙayi ka taɓa shi," in ji Harira, "sai ka auri hoton, ni ka bar ni a gidan ubana."

Aka miƙa wa tsoho kyamara. Ya kai kusa da ido, ya gyaɗa kai, ya ce, "Wannan na san ta." Ya miƙa wa Deeni kayarsa. "Ka wanko min su biyun yadda suke. Ranar Asabar ka turo manyanka."

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da alhakin duk wanda aka riƙe wa ƙugun wando, ko aka aika markaɗe, ko amarensa suka koma wani situdiyo. Ba ruwansa da kashin tsuntsu a hula, ko maganar da suruki zai faɗa maka a gaban kaji. In ka bi mataki na bakwai ka ga ba daidai ba, hannunka ne ya ja hasken, ba nawa ba. In tsuntsu ya ƙi tsayawa, ka kai ƙararsa wurin Mahaliccinsa. In kuma yarinya ta ƙi tsayawa, kada ka zo Doka nemana, domin ba kowace ce za ta fito ta ce maka ɗauka ba. Wata tana bayan labule za ta ji komai, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa.